Lokacin da Ake Shiga Dajin Kamuku da Ƙafa

Yaron da aka haifa a Birnin Gwari wajejen shekarar 2005 yanzu ya zama saurayi, wasu tsararrakinsa ma sun ajiye iyali, amma da wuya ka samu ɗaya a cikinsu da ya taɓa shiga daji don yawon buɗe ido kawai, ya ga itace da dutse da tsuntsu, ya dawo gida da la'asar ya ba da labari. Iyayensu ne suka hana su, kuma gaskiya na tare da iyayen. Sai dai abin yana ci mini tuwo a ƙwarya. Garin da daji ya yi wa ƙawanya gabas da yamma, kudu da arewa, ya raini samarin da ba za su iya bambance itacen doka da maje ba, ba su taɓa ganin sawun gwanki ba, ba su san wane rafi ne ke riƙe ruwa har cikin bazara ba. Mu da muka riga su zuwa duniya mun ga wani zamani dabam, kuma ina ganin ya zama wajibi mu faɗe shi tun muna iya tunawa.

Gandun dajin Kamuku ba na jiya ba ne. A shekarar 1936, zamanin Turawa, aka keɓe shi a matsayin gandun dajin En'e ta Birnin Gwari, aka sa malaman daji su riƙa kula da shi. A watan Mayun 1999, dab da sojoji za su miƙa mulki ga farar hula, gwamnatin tarayya ta karɓe shi ta ɗaga shi zuwa gandun daji na ƙasa, sahun su Gashaka-Gumti da Kainji. Faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 1,120 ne. Kogin Mariga ne ya raba shi da dajin Kuyambana na jihar Zamfara, amma wannan iyaka ta mutane ce, ba ruwan giwa da ita. Da rani ya yi ruwa ya janye, sai ta taka yashi ta haye. Masana tsuntsaye sun ƙirga aƙalla iri 177 a cikinsa. Sunan kuwa na Kamukawa ne, waɗanda su da Gwarawa suka daɗe suna zaune a duwatsun yankin suna noma da farauta da cin zuma.

A wasu ƙasashen, tafiya a daji da ƙafa abu ne da hukuma ta tsara tsaf. A jihar Arizona ta Amurka, wuraren shaƙatawa na hamada sun kewaye birnin Finiks, kowace turba da allonta: ga tsawonta, ga nauyin tafiyarta, mai sauƙi ce ko matsakaiciya ko mai wuya. Da yawa daga cikinsu zagaye ne, mutum ya ajiye motarsa, ya kewaye tsauni, ya dawo ya same ta ta wata hanyar. Abin da ake ja masa kunne a kai bai wuce zafin rana da ƙishirwa da maciji ba. Namu ba hamada ba ne, daji ne na itatuwa da doguwar ciyawa, kuma ba da alluna muka san shi ba. Da mutane muka san shi. Hanya tana cikin kan jagora, in ba ya nan babu ita.

Tafiyar da ta fi zauna mini a rai ta cikin hunturu ce, a shekarun farko bayan tarayya ta karɓi gandun. Ana neman izini a ofishinsu na cikin gari, a haɗa ku da ma'aikaci, mota ta kai ku wajen sansanin Dagara ko inda hanyarta ta ƙare, sauran kuma aikin ƙafa ne. Jagoranmu dattijo ne siriri, wanda ya yi farauta a ƙuruciyarsa kafin ya sa kakin gandun daji. Bayan sallar asuba muka tashi, sanyi na ratsa riga, hazo ya rufe kan itatuwa. Kowa da gorar ruwansa, ni har da ƙuli-ƙuli a aljihu. Kafin mu ɗaga ƙafa ya ɗebi ƙura da yatsu biyu ya saki, ya kalli inda ta nufa, ya juya ya ce mini, "Malam, ta hagun dutsen za mu bi, mu dawo ta fadama. Iska na gabanmu yanzu. In muka bi ta dama, kafin mu isa duk sun ji warinmu sun watse."

Na ce, "To Baba, yadda ka ce."

Wannan ne dalilin zagayen. Mai sanin daji ba ya son komawa ta inda ya fito, don naman da ka kora da safe ba zai tsaya jiranka da rana ba, kuma ma'aikacin da ke sintiri yana son idonsa ya ga sabon wuri a kowane taku, ko ya tsinci tarkon waya, ko kututturen da aka sare jiya, ko tokar wutar wani. Tafiyar ba ta fi ƙarfin mai lafiya ba. In da allo ne, matsakaiciya za a rubuta: fili mai tsakuwa da farko, hawan dutse a tsakiya, gangara, sannan doguwar inuwa ta bakin rafi.

An riga an ƙona ciyawa a wannan sashe tun farkon rani, kamar yadda ma'aikata ke yi da gangan don kada babbar gobara ta tashi cikin bazara ta cinye itatuwa. Ƙasa baƙa ce wuluk, toka na tashi a kowane taku, tana shiga tsakanin yatsun ƙafa. Amma ka ɗaga kai sai ka ga abin mamaki: itatuwan doka sun fitar da sabon tofo ja jawur, mai sheƙi, tun ba a ga ɗigon ruwan sama ba. Can da rana ta fara zafi sai ka ji tas, tas, daga sama. Busassun kwanson 'ya'yan doka ne ke fashewa suna watsa iri. Baba yana tafe yana kiran suna ba tare da ya waiwayo ba: ga baushe, ga taura, ga ƙirya wadda maƙera ke son gawayinta, ga tafashiya ta maganin shawara da ciwon ciki, ga kaɗanya, ga ɗorawa. Kowane itace sai ya faɗi aikinsa da watan da yake 'ya'ya, da dabbar da ke zuwa gindinsa. Bika na son taura, ya ce, don haka in ka ga ɓawonta a warwatse ka duba sama da duwatsu, suna kallonka.

A wata 'yar gangara mai laushin ƙasa ya tsaya, ya tsuguna, ya nuna mini sawu da tsinke. Kofato ne babba mai tsaga, gefensa bai rushe ba, raɓa ba ta jiƙa cikinsa ba. "Gwanki ne, namiji, shi kaɗai. Bayan raɓa ta sauka ya wuce. Ka ga nan ya tsaya ya juya, ya ji wani abu." Na duba, na ga rami a ƙasa kawai, sai da ya bi da tsinken a hankali sannan na ga juyawar. Gaba kaɗan muka tarar da kashin giwa, tsoho, ya bushe ya yi fari, gara ta fara cinsa. Ya farfasa shi da sanda ya fito da ƙwallayen 'ya'yan itace, ya ce tun kaka suka ratsa nan za su Kuyambana. Giwar kanta ban gan ta ba a ranar. Gwankin ma bayansa kawai na hango yana shigewa cikin itatuwa. Abin da muka gani sosai shi ne gadu da 'ya'yanta sun ɗaga wutsiya suna gudu, da garken zabin daji, da burtu biyu suna takawa a ƙonannen fili suna tsintar ƙwari.

Hawan dutsen shi ne wahalar tafiyar. Fa ne mai santsi, sai ka dafa da hannu a wasu wuraren, numfashi na fita da ƙyar saboda busasshiyar iska. Remaye suna kwance suna shan hantsi a kan duwatsu, da suka gan mu suka sulale cikin tsaga. Duwatsu irin wannan su ne adon Kamuku: akwai Goron Dutse mai santsin fuska, akwai Tsaunin Rema wanda ya ci sunan mazaunansa, akwai kuma mafaɗar ruwa ta Dogon Ruwa, kowanne da ranar zuwansa. Daga sama, daji ne shimfiɗe iya ganinka har ya narke cikin hazo, babu rufin kwano ko ɗaya, babu ƙarar inji. Muka zauna muka ci ƙuli-ƙuli. Dawowa ta fadama ce, ƙarƙashin tukurwa da ɗinya da maje, ruwa kwance a ƙananan kududdufai, sawun mazo da na biri a laka, ƙudan tsando na bin wuyanmu. Kafin azahar muna gindin motar. A hanyar gida muka tsaya a wata ruga da ke wajen iyakar gandun, wata dattijuwa ta dama mana fura da kindirmo, ita da Baba suka yi ta tsokanar juna a kan shanun da suka ƙetare iyaka a makon da ya wuce. Babu wanda ya tambaye mu su wane ne mu ko me muke nema.

Ba zan ce zamanin ba shi da aibi ba. Tun a lokacin bango ya fara tsagewa, kuma Hausawa sun faɗi abin da ke shiga in ya tsage. Da gandun ya koma hannun tarayya, doka ta ƙara tsauri. Maharbin da kakansa ya yi farauta a wurin ya wayi gari ya zama mai laifi. Matar da ke tsintar kaɗanya da kalwa tana shiga a ɗarare. Makiyayi da burtalinsa ya bi ta gefen dajin yana cikin biyan tara. Kare daji daidai ne, ina goyon bayansa har gobe, amma an kare shi ta hanyar da ta sa maƙwabtansa suka fara ganin ba nasu ba ne, na gwamnati ne. A gefe guda kuma masu injin yankan katako, da masu gawayi, da masu haƙar zinare, wanda ƙasar Birnin Gwari ta shahara da shi tun zamanin Turawa, suna ta cin dazuzzukan da ke kewaye. Ma'aikata kaɗan ne a kan fili mai wannan girma, makamansu kuma na korar maharbi ne. Da masu manyan bindigogi suka iso, ba su tarar da wanda zai tare su ba.

Da satar shanu aka fara, kuma Fulanin rugage su ne suka fara ɗanɗana kuɗarta, abin da mutanen gari kan manta. Wanda aka kwashe wa garke bai samu hukumar da za ta share masa hawaye ba. 'Yan sa-kai kuma a wurare da dama suka riƙa hukunta mai laifi da marar laifi. Ramuwa ta haifi ramuwa. A watan Oktoban 2012 aka kai hari Dogon Dawa da asuba, aka kashe kimanin mutum 20, wasunsu a bakin masallaci. A 2015 gwamnonin jihohin da ke kewaye da dajin suka haɗa kuɗi aka tura jami'an tsaro Kamuku da Kuyambana, aka ƙwato shanu masu yawa, aka ɗan samu sauƙi, sannan abin ya dawo da wata fuskar: satar mutane don kuɗin fansa. A watan Mayun 2018 aka afka wa ƙauyen Gwaska, mutum fiye da 40 suka rasa rayukansu, har gwamnatin tarayya ta amince a kafa bataliyar soja a yankin. 'Yan ƙungiyar Ansaru su ma suka samu gindin zama a gabashin masarautar. Hanyar Kaduna, wadda ba ta fi kilomita 120 da 'yan kai ba, ta Udawa da Buruku, ta zama sai an taru an jira rakiyar sojoji, a tafi ana salati. Manoma a ƙauyuka da dama sai sun biya kafin su yi shuka, su sake biya kafin su girbe.

A 2021 gwamnatin jihar Kaduna ta rufe kasuwannin mako, ta hana hawa babur, ta hana sayar da fetur a jarka, ta hana sarar itace da safarar gawayi a ƙananan hukumomin da abin ya shafa, daga ƙarshen Satumba kuma aka katse layukan waya na wani lokaci. A irin wannan hali maganar yawon daji ko a mafarki ba ta zuwa. Mai gona a bayan gari ma sai ya yi sallama da iyalinsa kafin ya fita.

Asarar rayuka da dukiya ita ce babba, kuma babu abin da zan ɗora a kanta. Amma akwai wata asarar da ba a kai ta gidan rediyo, ita ce ta ilimin dajin. Wannan ilimi ba ya zama a littafi. Yaro yana samunsa ne in ya bi bayan babansa zuwa cire zuma, ko yarinya ta bi uwarta tsintar kaɗanya da farkon damina, ko ɗalibai su bi malamin daji su kewaya dutse. Shekara goma sha wani abu babu wannan bi. Turbar da ba a taka ta damina biyu gamba ta rufe ta. Maharban da suka san mashayar kowace dabba sun tsufa a zaure, wasu sun rasu, wasu sun yi hijira zuwa Kaduna ko Funtuwa. Labarin giwa ya ɗauke daga bakin manoman gefen daji, su da a da suke kukan ta shiga musu dawa.

Abin da ya fi ɗaga mini hankali shi ne ilimin bai ɓace gaba ɗaya ba, hannu ya sauya. Yau wa ya san kowace ƙorama tsakanin Kamuku da Kuyambana, wa ya san dutsen da za ka hau ka hango mota tun daga nesa, wa ya san inda ake samun ruwa a watan Afrilu? Yaron da ya tashi da bindiga a kafaɗa. Shi ne ya gaji abin da Baba ya sani, ya yi amfani da shi wajen ɓoye waɗanda ya sato. Mutanen garinmu da suka yi doguwar tafiya a cikin dajin a shekarun nan, yawancinsu a ɗaure suka yi ta, cikin dare, ba takalmi. Na zauna da wani ƙanen abokina bayan an karɓo shi. Na tambaye shi ta ina aka bi da su, ya ce, "Yaya, ni ƙasa kawai nake kallo." Ya yi makonni a tsakiyar wurin da na taɓa zama a kan dutse ina jin daɗin duniya, kuma ba ya son ya sake jin an ambace shi. Ba ni da bakin ce masa wurin yana da kyau.

A ƙarshen Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya zo Birnin Gwari bayan sulhun da aka ƙulla da wasu shugabannin 'yan bindiga, ya sake buɗe kasuwar kara wadda ta daɗe a rufe. Motocin shanu da na hatsi suka dawo, mutane suka fara bin hanyar Kaduna ba rakiya, manoma da yawa suka koma gonakin da suka bari. Mai Martaba Sarkin Birnin Gwari, Malam Zubairu Jibril Mai Gwari na Biyu, ya daɗe yana kai kukan talakawansa, kuma duk wanda ya ga garin a 2021 ya san wannan sauƙin ba ƙaramin abu ba ne. Na gode wa Allah a kansa. Amma an sha yin sulhu a Zamfara da Katsina yana warwarewa, kuma muddin makamai suna hannun da suke, mutum yana shiga daji ne da yardar wani, ba don haƙƙinsa ba ne. Titi ya buɗe, kasuwa ta buɗe. Turbar ƙafa ita ce ta ƙarshe da za ta buɗe, don ita babu rakiyar da za ta iya tsare ta.

Shi ya sa ba na cikin masu gaggawar cewa a kira baƙi su zo yawon buɗe ido. A ƙarshen 2020 gwamnatin tarayya ta amince da ƙarin gandayen daji na ƙasa guda 10, ciki har da Falgore a Kano da Alawa a Neja, alhali wanda ke hannunta a nan ma'aikatansa ba sa iya ratsa shi. Ni a ganina aikin farko ƙarami ne, kuma na gida ne. A zauna da dattawan maharba da tsofaffin ma'aikatan gandun da suka rage, a ɗauki muryarsu, a rubuta sunayen duwatsu da rafuka da mashaya da Hausa da Gwaranci da Kamukanci da Fulatanci, a zana su. A fitar da ɗaliban sakandare zuwa duwatsun da ke dab da gari, tafiyar safiya ɗaya, su kewaya su dawo, ko da itace goma kawai za su koyo. A sake duba dokar gandun ta yadda mai tsintar kaɗanya da mai amya za su shiga da izini a fili, su zama idon hukuma maimakon abokan ɓuyarta.

Akwai kuma tambaya mai nauyi da ba za a kauce mata ba: wa zai zama jagora? In sulhun ya ɗore, samarin da suka ajiye bindiga suna buƙatar abin yi, kuma babu abin da suka iya kamar daji. A wurare da dama na Afirka an ɗauki tsofaffin maharba aka ba su kakin tsaron gandu, suka fi kowa iya aikin. Jagoranmu na wancan hunturu ma ta wannan ƙofar ya shigo. Sai dai wanda ya harbi gwanki da wanda ya harbi mutum ba ɗaya ba ne. Wanda hannunsa ke da jini, kotu ce wurinsa, kuma ba za a ce wa marayan Gwaska su bi bayansa cikin ciyawa ba. Amma a rugagen akwai yara da yawa da aka haifa cikin rikicin, ba su kashe kowa ba, ba su taɓa shiga aji ba, sun san kowane lungu na Kamuku. Hukumar gandun daji da masarauta da ardo-ardon Fulani za su iya tantance su, a sa su makaranta, a haɗa kowannensu da ɗan gari a sintiri ɗaya, ƙarƙashin tsohon ma'aikaci da dukkan ɓangarorin suka yarda da shi.